WAYAR MAI LALLE

Shafi na 31

Kafin mu shiga labari: wasu sun biyo ni ta bayan fage suna tambayar inda ake samun bidiyoyin koyon katin tarot, wai so suke su gani don su ƙara fahimtar labarin. Ba zan turo ba. Duba duba ne, ko a yashi aka zana shi ko a kati mai ƙyalli. Mu je.

*

Sajida ta hau benen a hankali, jakar lalle a kafaɗa, ledar burodi a hannu. Tun hantsi tana unguwar Kurayyat, durƙushe a gaban ƙafafun wata amarya da ƙawayenta. Bayanta ya ƙage, yatsunta sun yi baƙi har gindin farce. Ba abin da take so illa ta yi sallah ta miƙe a ƙarƙashin na'urar sanyi.

Tana tura ƙofa ta san akwai magana.

Gidan Idris ba ya shiru da rana. In ba talabijin ba, to matarsa Zakiya ce a waya da danginta na Makka, rabi Hausa rabi Larabci. Yau ba ko ɗaya. Kuma ga takalmin maigidan a bakin ƙofa, a lokacin da ya kamata a ce yana can Khumra yana yanka ƙarfen tagogi.

"Assalamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Ajiye kayan, ki zo ki zauna."

Yana zaune a falo, ya tanƙwashe ƙafa, gahawarsa ta huce a gabansa. Kusa da butar, ga wayarta a kife.

Wayar tata ce, amma layin da ke ciki ba nata ba ne. Wanda ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ba a sayar masa da layi a garin nan na Jidda. Ita kuwa umra ta zo ta maƙale, ta bar 'ya'ya biyu marayu a Haɗeja wurin tsohuwarta. Idris, mijin 'yar kawunta Zakiya, shi ya ba ta ɗaki a gidansa na Nuzla, shi ya dangwala yatsansa aka ba ta layi da sunansa. Yau da safe layin ya toshe, ta ba shi wayar ya biya shago a buɗe mata shi.

"An dace, Yaya Idris? Sun gyara?"

"Sun gyara."

"Alhamdulillahi. Allah ya saka da alheri."

"Amin. Ina zaune ina jiran a kira ni, sai wayar ta ce ta cika. Na ce bari in ga hotunan lalle ne suka cika ta."

Ya juyo da fuskar wayar. Wata Baturiya ce, zobba a duk yatsunta, kyandir na ci a gefe, ta baza kati a kan wani ƙyalle mai ruwan malmo. Ya ja da yatsa. Wata. Ya sake ja. Wani namiji mai gemu. A ƙasa kuma jerin darussa na sauti, an sauke su an adana, ɗaya bayan ɗaya.

"Ish hada, ya Sajida?"

Ta zuba wa wayar ido.

"Tambayarki nake yi. Mene ne wannan?"

"Bidiyo ne."

"Na ga bidiyo ne, ba makaho ba ne ni. Na nuna wa yaron shagon, ɗan Masar, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, 'Ya Hajji, kai ma kana duba?' Ni. Da furfurata."

Bai ɗaga murya ba. Idris ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronsa.

"Kina shiga gidajen mutane. Kina zama da 'ya'yansu mata a ƙurya, ƙofa a rufe. Lalle kike musu, ko duba?"

"Wallahi lalle nake yi."

"To wa ke koyon wannan?"

Ta sunkuyar da kai.

"Bari in gaya miki abin da ba ki lissafa ba. Mace ɗaya ta ji haushinki, ta ɗaga waya ta ce mai lalle tana duba wa 'ya'yanmu, halas, shi ke nan. Ƙasar nan ba ta wasa da bokanci. Za a karɓi wayar, a ga sunan wa? Nawa. Ni da aka haifa a Nuzla, ubana ma a Nuzla, amma har yau kafili nake bi, ɗan ƙasar da ke tsaya min, yana sa min hannu. Na ajiye marar iƙama, laifi ɗaya. Na ajiye bokanya, laifi biyu. Wannan na duniya ke nan. Na lahira kuwa kin fi ni sani, ke kika fito daga garin malamai."

"Yaya Idris..."

"Ba zan jefa ki titi ba, ke jinin matata ce. Amma in naki ne, gobe da safe da kaina zan kai ki ki miƙa kanki a mayar da ke gida. In ba naki ba ne, ki faɗa min na wane ne. Zan je masallaci. In na dawo ki ba ni amsa."

Ya miƙe, ya jefa wayar a aljihun rigarsa, ya fita.

Sajida ta zauna tana kallon inda wayar ta tashi.

Ta san na wane ne.

Duk mai lalle tana da hannun da take gwada sabon zane a kai kafin ta kai wa masu biya. Nata hannun gwajin na Razan ne, 'yar Idris ta fari, mai dogayen yatsu da fata mai karɓar lalle. Kuma duk wanda ya taɓa zama da mai lalle ya sani, muddin an zana wa mace hannu biyu ta zama jaririya. Ba ta sosa hanci, ba ta ɗaukar kofi, ba ta taɓa waya. Mai lalle ce hannunta.

Haka abin ya fara. Razan ta baza yatsu a iska, ta ce wa Sajida, wadda take kira Khala, wato inna, "Khala, ɗauko wayarki, danna min nan." Sajida ta danna. Yarinyar ta sunkuya ta yi wa wayar magana da Turanci, sai ga matar nan mai zobba.

"Me ya sa ba za ki kalla a taki ba?"

"Baba yana buɗe tawa. Ta Umma ma yana buɗewa. Taki ce bas, ita kaɗai ba ya taɓawa."

Da farko Sajida ta ɗauka karta ce irin ta 'yan zamani. Ita ce mai dannawa, ita ce mai mayarwa baya in Razan ba ta gane ba, ita ce mai saukewa don a ji ko babu intanet. Wannan matar ta cika sauri, a nemo wata. Wannan mutumin ya fi bayani dalla-dalla, a ajiye nasa. Sai ranar da ta ɗaga kai daga zanen ƙafa ta ga hawaye na bin kumatun yarinyar, ga hannu ba halin sharewa, sannan ta gane ba wasa ake yi ba.

Saurayinta Abdulelah ne dalili. Ɗan ƙasa ne shi, Razan kuwa ko da a Jidda aka yanke mata cibi, a takarda baƙuwa ce. Ɗan ƙasa ba ya auren baƙuwa sai hukuma ta ba da izini. An kai takardu, an yi ta jira, har dangin yaron sun fara cewa ga 'yan mata nan a dangi waɗanda ba sa buƙatar izinin kowa.

"Razan, wannan duba ne. Haramun ne."

"Na sani, Khala. In izini ya fito zan bari. Amana, kar ki gaya wa kowa. Amana."

Ta share mata hawayen da gefen mayafinta, ta yi shiru. Kuma a nan ta yi kuskure, ba zan rufa mata ba. Ba a kiran rufa wa saɓo asiri amana. Wanda ya riƙe wa ɓarawo tsani bai shiga ɗakin ba, amma kada ya ce bai san da satar ba.

"Sajida."

Zakiya ce a ƙofar kicin, tana murza gefen zaninta. Tun da aka fara maganar ba ta leƙo ba.

"Yaya Zakiya, kin ji abin da ya ce?"

"Na ji. Zo nan."

Ta ja ta ciki, ta rage murya.

"Ki amsa kawai."

"In amsa me?"

"Ki ce naki ne. Ki ce wata ce ta tura miki, ba ki san haramun ba ne, kin tuba. Ki yi kuka. Na san mijina, zai huce."

"Ya ce in nawa ne gobe zai kai ni."

"Faɗa ne kawai, ya shekha. Ni zan roƙe shi."

"Kin taɓa ganin ya faɗi magana ya janye?"

Zakiya ta kau da kai, ta kama wanke kofin da yake a wanke.

"Yaya, 'ya'yana biyu da hannun nan suke ci. In aka mayar da ni, me zan tarar? Ko tambayata ba ki yi ba ko nawa ne ko ba nawa ba."

"To me tambayar za ta ƙara? Ni dai so nake maganar ta mutu a nan, kada ta yi nisa."

Sajida ta dube ta. Ta ɗauka uwa ce ta hango 'yarta a cikin lamarin, take neman inda za ta karkatar da ruwa. Ta ji zafi, amma ba ta yi mamaki ba. Kowa nasa ya sani.

A lungun da ke kai wa ɗakuna ta ci karo da Razan, ta jingina da bango, idanu jawur. Zanen da Sajida ta yi mata na ƙarshe bai gama gogewa daga bayan hannunta ba.

"Khala... ana asfa. Wallahi ki yi haƙuri."

"Haƙuri na yi. Magana za ki yi?"

"In Baba ya sani, zai kira su Abdulelah. Zai ce musu da bakinsa. Kin san shi, ba ya ɓoye aibi a aure."

"Na san shi."

"Za ki faɗa?"

Sajida ta daɗe tana kallon yarinyar. Ita ta yi jinyarta lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita. Ita ta koya mata tuƙa tuwo, suna dariya don Razan na kiran muciya sanda.

"Ni ba zan ambaci sunanki ba. Amma ba zan yi wa kaina ƙarya in ce nawa ne ba. Sauran tsakaninki da Allah."

Ta shige ɗaki ta yi sallah. Da ta sallame, ta jawo jakar da ta zo da ita umra daga ƙarƙashin gado, ta kaɗe ƙurar, ta fara ninke kayanta. Ba su da yawa.

Idris ya dawo ya tarar da jakar a bakin falo. Ya dube ta, ya dubi Sajida.

"Amsar ke nan?"

"Ba nawa ba ne, Yaya Idris."

"Na wane ne?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Wata daga cikin masu lallenki?"

Sajida ta kau da kai.

"Kin ga, da kin ce naki ne kin tuba, da na san da wa nake magana. Amma ba naki ba ne, kuma ba na kowa ba ne. Aljani ne ya sauke?"

"Ko Turancin ba na ji."

"Ni ma ba na ji, shi ya sa ba zan yanke hukunci a kan abin da ban fahimta ba. Ɗan Masar ya ce duba ne, amma ɗan Masar ba alƙali ba ne. Razan! Ta'ali, zo nan."



Razan ta shigo tana jan ƙafa, ta durƙusa nesa da shi.

"Matso, ya binti. Ke kika yi karatu a gidan nan. Zan kunna, in tsayar, ki gaya min abin da matar take cewa. Da Hausa, don Khalarki ta ji, kada a ce an yi mata shari'a da yaren da ba ta sani ba. Kar ki ƙara, kar ki rage."

"Baba, Hausana ba kyau."

"Wanda kike da shi ya isa. Yalla."

Ya kunna. Muryar Baturiyar ta cika falon, a sanyaye, kamar mai lallashin yaro. Ya tsayar.

"Tana ce... ka zauna wuri mai shiru. Ka riƙe tambaya a zuciya."

"Wace tambaya?"

"Ko wace. Aure, aiki, tafiya."

"Tayyib."

Ya kunna. Matar ta cakuɗa katin, ta zaro ɗaya ta buɗe, ta yi dogon bayani. Ya tsayar.

"Wannan ta ce... taya ce. Tayar sa'a. Yau kana sama, gobe ƙasa."

"Taya," in ji Idris. "Ƙaddarar Ubangiji ce ta koma taya, kamar ta motar kaya. Astagfirullah. Kin ji ko, Sajida?"

"Na ji."

Ya sake kunnawa. Ya tsayar. Razan ta fassara. Ya kunna, ya tsayar, ta fassara. Tun tana in'ina har harshenta ya saki. Kanta na ƙasa, sai dai ta ɗan saci kallon wayar ta mayar da ido kan darduma. Zakiya ta zo ta tsaya a ƙofar kicin da tiren shayi a hannu, ba ta shigo ba, ba ta koma ba.

Matar ta zaro wani katin ta juya shi. Idris ya danna da sauri, ya kawo wayar kusa da idonsa. Hoton mutum ne an rataye shi da ƙafa ɗaya a jikin itace, kansa a ƙasa.

"La haula. Wannan kuma wane bawan Allah aka kashe?"

"Ba mutuwa ba ne, Baba," in ji Razan. "Jira ne. Mutum wanda abinsa yana hannun wasu. Ba ya gaba, ba ya baya, ba ya iya komai sai jira. In ya fito daidai, akwai alheri a ƙarshe. In ya fito a juye..." Muryarta ta karye. "In a juye, jiran banza ne. Abin ba zai zo ba."

Na'urar sanyi kaɗai ke gunji.

Idris ya ajiye wayar a kan darduma, a hankali, fuskarta na sama. Bakin Baturiyar a rufe yake, hannunta bai ma saki katin ba.

"Razan."

"Na'am."

"Matar ba ta ce komai ba tukuna."

Yarinyar ta ɗago.

"Tana buɗe katin na tsayar. Ko numfashi ba ta ja ba. Daga ina kika fassaro min daidai da juye?"

Razan ta juya. Ta dubi Sajida. Sajida ta dubi yatsunta.

Idris ya daɗe yana kallon bayan hannun 'yarsa, inda ragowar lallen yake. Sannan ya juyo.

"Hannunta na cikin lalle, ke ce mai dannawa. Haka ne?"

"Haka ne."

"Kin san mene ne?"

"Daga baya na sani."

"Kika yi shiru."

"Na yi shiru."

"Kin yi laifi, Sajida, kuma za mu yi maganarsa. Amma ba laifin da na ɗora miki ba ne. Na zarge ki don ke ce marar takarda, ke ce mai sauƙin zargi. Wannan nawa ne, ki yafe min. Ɗauki jakarki ki mayar ɗaki."

Sajida ta so ta ce na gode, hawaye suka riga ta. Ta miƙa hannu ga jakar, amma ba ta kai ga ɗagawa ba, don Idris bai gama ba.

"Ke kuma. Jiran izini ne ya kai ki?"

Razan ta gyaɗa kai tana shessheƙa.

"Wanda ya hana izinin shi ne zai bayar, ba kwali mai hoto ba. Sallar kwana arba'in kika saka a caca saboda ɗan mutum. Tashi ki ɗauko min katin."

"Ba ni da kati, Baba."

"Kar ki ƙara min ƙarya a kan ta farko. Wanda ya haddace har ma'anar juye ba kallo kaɗai yake yi ba. Yana bugawa. Ina katin?"

"Wallahi ba ya ɗakina."

"Ban tambaye ki inda ba ya nan ba."

Razan ta share fuska da bayan hannu. A hankali ta ɗaga kai, ba wajen ubanta ba, ba wajen Sajida ba. Wajen ƙofar kicin.

Zakiya ta ja baya da tiren.

"Yana cikin akwatin Umma," in ji ta. "Ita ta sayo. Ita ba ta jin Turanci, shi ya sa ta ce ni in koya, in riƙa buga mana."

Idris bai juya ba. Sajida ce ta juya, hannunta na kan jakar, ta zuba ido ga matar da ɗazu ta ja ta kicin ta ce mata ki amsa kawai.